Kalmar "Gargajiya" a Allon Gidan Abinci: Tsokaci Daga Hanyar Birnin Gwari Zuwa Warso

Duk wanda ya zaga manyan titunan Kaduna ko Kano ko Abuja a 'yan shekarun nan zai lura da yawaitar gidajen abinci masu allo a ƙofa an rubuta "abincin gargajiya". A ciki akan tarar da tabarma a shimfiɗe, da faifai da ƙwarya an rataya a bango, wani lokaci har da akushi da ludayin duma, sannan a kawo wa mutum tuwon shinkafa da miyar taushe, ko waina, ko furar da aka dama da inji. Nufin wannan maƙala shi ne ta ɗauki wannan rubutu na allo a matsayin iƙirari, wanda ya halatta a nemi hujjarsa kamar yadda ake neman hujja daga kowane marubuci. Za a auna shi da ma'auni biyu. Na kusa shi ne abincin da matafiya suka saba saye a Birnin Gwari, garin da ke bakin hanya kuma bakin daji. Na nesa shi ne gidajen abinci na ƙasar Polan, inda aka daɗe ana sayar wa baƙo da ɗan gari abinci da sunan na kaka da kakanni.

Zaɓen Polan ba tsintar dami a kala ba ne. Jami'ar Warso ta fi shekara hamsin tana koyar da Hausa, kuma manazarta sun san ayyukan Nina Pilszczikowa da Stanislaw Pilaszewicz da Nina Pawlak. Haka nan mutumin Polan ne, watau Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna ginin ƙasa na Nijeriya yana zanawa, aikin da aka buga cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma da ƙoƙarinsa aka kafa gidan adana fasahar ginin gargajiya na Jos. Malaman Hausa da ke zuwa taro a Warso kuwa sukan zauna a irin waɗannan gidajen abinci, a miƙa musu takardar jerin abinci, su yi ta tambayar wanne ne babu alade a ciki.

Kalmar kanta

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne, a Hausar yau kalmar "gargajiya" ba ta cika zuwa ba sai tana da abokiyar hamayya. Ana cewa maganin gargajiya ne domin akwai na asibiti, sarautar gargajiya domin akwai mulkin zaɓe, kiɗan gargajiya domin akwai na fiyano. Matar da ke tuƙa tuwon dawa a ƙauye ba ta cewa tana girkin gargajiya, tuwo kawai take yi. Ashe ke nan ranar da aka rubuta kalmar a allo, ranar ce aka shaida cewa mai ci ya riga ya yi nisa da abin da zai ci, har yana bukatar a tuna masa. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Inda gizo ke saƙa shi ne, allon yana nuna wa mai karatu kamar abin da ke cikin kwano bai taɓa sauyawa ba, alhali tarihi bai yarda da haka ba. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ta Yamma ba sai bayan shekarar 1500. Wanda ya cire waɗannan biyar daga tukunyar Bahaushe na yau zai ga abin da zai rage. Eric Hobsbawm da Terence Ranger sun tara misalai a littafinsu na 1983 na yadda al'ummu ke ƙago al'ada jiya su ce tun fil'azal take, kuma ɗakin girki na daga wuraren da hakan ya fi saurin aukuwa.

Takardar abinci ta Polan

Wanda ya shiga gidan abincin gargajiya a tsohon garin Warso ko Krakow zai ga sunaye kaɗan suna maimaituwa ko'ina. Akwai pierogi, ƙullin fulawa da ake naɗe dankalin Turawa da cuku a ciki, ko kabeji, ko nama, a jefa a tafasasshen ruwa kamar yadda ake saka ɗanwake. Akwai zurek, romo mai tsami da ake yi da jiƙaƙƙen garin wani hatsi ɗan'uwan alkama, wanda ake bari ya kwana kwanaki har ya yi tsami, kamar dai gasarar koko. Akwai barszcz, jan romo na gwoza irin ta Turai. Sai bigos, dahuwar kabeji mai tsami da nama iri-iri, wanda ake dangantawa da maharba, har mawaƙinsu Adam Mickiewicz ya siffanta shi a doguwar waƙarsa Pan Tadeusz ta 1834. Da yawan gidajen suna kiran kansu karczma, sunan tsohon masaukin bakin hanya inda matafiya ke yada zango, kuma sukan yi ado da katako da tukwanen ƙasa, ma'aikata su sa tufafin ƙauye.

Shin wannan gaskiya ce ko kwaikwayo? Duka biyu. Littafin girki na farko da aka rubuta tun asali da harshen Polan shi ne Compendium ferculorum na Stanislaw Czerniecki, a 1682, kuma girkin da ke cikinsa na gidajen sarauta ne, cike da kayan yaji masu tsada da tsami da zaƙi a haɗe, ya yi nisa ƙwarai da abin da ake kawo wa baƙo yau. Dankalin da ke cikin pierogi bai zama abincin talakan Polan ba sai daga baya. Barszcz ma, asalin sunan na wani ganyen daji ne da ake tsimawa a yi romo da shi. Ganyen ya fita daga tukunya, gwoza ta shiga, suna ya tsaya. Mai nazarin harshe ya san wannan hali: suna ya fi abin da aka raɗa wa tsawon rai. A ƙasar Hausa ma ana cewa daddawa ko da da waken suya aka yi ta, ba da kalwa ba.

Har ila yau adon karczma yana ɓoye wani abu. A ƙarnoni da dama Yahudawa ne ke riƙe da yawancin waɗannan masaukai, suna karɓar haya daga masu ƙasa, kuma girkinsu ya cuɗanya da na maƙwabtansu, amma ba kasafai takardar abinci ke ambaton haka ba. Akwai kuma Tatar Musulmi na ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki a gabashin ƙasar, masu wani naɗaɗɗen gashi da ake kira pierekaczewnik. Za a dawo kan wannan batu na waɗanda allo ke mantawa da su.

Duk da haka, iƙirarin Polan yana da ƙafafun da yake tsaye a kai. Akwai rubutu na shekara ɗari uku da wani abu, wanda ke ba mai shakka damar ya bincika ya ƙaryata. Akwai doka: bayan ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004, an yi wa oscypek, cukun tumaki mai hayaƙi na duwatsun kudu, rajista a 2008, aka ƙayyade yankin da za a yi shi da watannin yinsa da yawan nonon tunkiyar da dole ya shiga; pierekaczewnik ya sami tasa rajistar a 2009. Abu mafi muhimmanci ga wannan tsokaci kuwa shi ne daji. Dokar Polan ta bar dazuzzukan gwamnati a buɗe ga jama'a, in ban da wuraren da aka keɓe, kuma da kaka ta yi iyalai kan fita da kwanduna su tsinci naman kaza, su shanya, su sa a romo da bigos da pierogi. Suna da suna ga kowane iri: borowik, rydz, maslak, kurka. Wannan na ƙarshe ma'anarsa 'yar kaza, abin da zai ba Bahaushe dariya, shi da ya haɗa su duka ya ce naman kaza, wanda bai yarda da shi ba kuma ya ce laimar kwaɗi. Muddin mai gidan abinci na iya aika a tsinto daga dajin da kakansa ya tsinta, allonsa bai yi ƙarya duka ba.

Birnin Gwari: abinci ba allo

Birnin Gwari tana kimanin kilomita 120 yamma da Kaduna, a kan tsohuwar hanyar da ta bi ta Tegina da Mokwa da Jebba da Ilorin ta kai Legas, kuma a nan hanyar Funtuwa ta zo ta haɗe. Kafin hanyar Abuja da Lakwaja ta janye ƙananan motoci, mai zuwa Ikko daga Kano ko Katsina nan yake bi, manyan motocin kaya kuwa ba su daina bi ba. Gari irin wannan dole ya ciyar da baƙo, kuma ya ciyar da shi ba tare da ya rubuta kome ba.

Sai an tuna matsayin cin abinci a waje a al'adar Hausawa kafin a gane darajar wannan. Magidanci a garinsu tuwon gidansa yake ci, ko a zaure ko a ƙofar gida, inda maƙwabta ke fito da kwanukansu a yi ciyayya. Wanda aka ga kullum a gindin mai tuwo a kasuwa, ko gwauro ne ko kuwa akwai magana a gidansa. Wannan ba ya nufin ba a sayar da dafaffen abinci: Polly Hill ta nuna a nazarinta na Batagarawa, wanda ya fito a 1972, yadda matan kulle ke sana'ar abinci daga cikin gida, yara na kai talla. Amma zama a ci a bainar jama'a tafiya ce ke halatta shi. Falke da ɗan ci-rani da direba ba su da abin kunya, domin uzurinsu a fili yake. Saboda haka gidan abinci na asali a ƙasar Hausa ɗan zango ne da tasha, daidai da karczma ta farko kafin a yi mata kwalliya. In kuwa ana neman takwaransa a birnin Polan, sai dai bar mleczny, ɗakunan cin abinci masu araha da gwamnati ke tallafa wa, waɗanda suka bazu a zamanin gurguzu, inda lebura da ɗalibi ke bin layi ɗaya.

Takardar abinci a irin wannan rumfa a baki take, kuma ta cancanci nazari kamar kowane zance. Ga irin yadda takan kasance:

"Hajiya, sannu da aiki. Me ya rage?"

"Sannu da hanya, Malam. Na dawa ya ƙare tun azahar, sai na masara."

"To, malmala biyu, miyar kuka. A sa man shanu."

"Yaron naka fa, ba zai ci ba?"

Abubuwa uku ne a nan waɗanda allon birni ba shi da su. Mai saye ya san abinci yana da lokaci, shi ya sa ya tambayi abin da ya rage, bai tambayi abin da ake da shi ba. Mai sayarwa ta ambaci hatsin da sunansa, domin bambancin dawa da masara bambanci ne da harshe ke ji. Sannan ta tambayi yaron mota, watau ciniki bai kore haƙƙin ciyarwa ba. Kalmar "gargajiya" ba ta fito ba ko sau ɗaya.

Daji a cikin miya

Tuwo daga gona yake, amma miya rabinta daga daji take, kuma nan ne Birnin Gwari ta fi yawancin garuruwan hanya. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 a ƙarƙashin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita dubu ɗaya, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Ƙasa ce ta doka da maje da kawo da baushe, kuma a gefensa da cikin gonakin da ke kewaye akwai ɗorawa da kaɗanya da taura da ɗinya da tsamiya.

A ɗauki daddawa kaɗai. Ɗorawa na nuna da bazara. A sauke ta, a raba garin da kalwa, a dafa kalwar wuni guda ko fiye har ɓawon ya yi laushi, a surfa a turmi, a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando a rufe da ganye kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta yi warin da ake nema, sannan a kirɓa a dunƙula a shanya. Kowane mataki yana da fi'ilinsa, kuma macen da ta iya aikin ita ke riƙe da fi'ilan. Kaɗanya kuma farkon damina take zuba, mata su yi sammako su tsinta kafin dabbobi su riga su, daga nan sai shanya da suya da daka da niƙa da cuɗa har mai ya taso. Zuma tana amya a kan itace. Nonon da ake dama fura da shi da man shanun da direba ya ce a sa masa daga rugagen gefen daji suke fitowa a kan matan Fulani. Naman tsire da balangu kuwa daga kara yake. Duk wannan sai da ƙafar mutum ta taka daji lafiya ta dawo lafiya.

Abin da ya auku sananne ne. Harin Dogon Dawa na watan Oktoba 2012 da na Gwaska na watan Mayu 2018 biyu ne kawai daga cikin masu yawa. Shekaru fiye da goma daji ya zama mafakar 'yan bindiga, ƙauyuka suka watse, manoma suka bar gonaki masu nisa, direbobi suka riƙa jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su bi hanyar Kaduna, aka rufe kasuwar shanu. Sai a ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar, bayan sulhun da aka yi. Jaridu sun ƙidaya rayuka da dukiya, kuma shi ne ya fi cancanta a ƙidaya. Amma mai nazarin al'ada yana da nasa lissafin. Yarinyar da aka haifa a 2010, aka yi gudun hijira da ita zuwa cikin gari, ta kai munzalin aure ba ta taɓa bin uwarta tsintar kaɗanya ba. Ɗanɗanon kanti irin su Maggi ya riga ya shiga tukunya tun kafin rikici, amma da can zaɓi ne a gefen daddawa; wadda aka raba da itatuwanta ba zaɓi take yi ba.

A nan ne kwatancin da Polan ke da zafi. Can daji a buɗe, ana sayar da gargajiya da ɗan ƙarin gishiri. Nan kuwa a daidai shekarun da allunan "abincin gargajiya" ke yawaita a Kaduna, dajin da ke tafiyar awa biyu daga ƙofarsu, wanda ke cikin masu samar da kayan miyar, ya gagari masu shi. Mai cin tuwo a ɗaki mai sanyi, ƙarƙashin ƙwaryar da aka rataya, ba abin da zai sanar da shi haka, domin allon an yi shi ne don ya kwantar da hankali.

Waɗanda allo ya manta

Sunan garin kansa shaida ne cewa ba Bahaushe kaɗai ke da ƙasar ba. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da Kamuku da Fulani duk suna cikinta, kuma tukunya ba ta san iyakar ƙabila ba. Doya da ake sayarwa dafaffiya ko soyayya a tasha amfanin gonar da aka san Gbagyi da shi ne. Naman kazan da Bahaushen birni ke ƙyama, al'ummu da dama na tsakiyar Nijeriya suna miya da shi. Fura da nono, wadda ake ɗauka tutar abincin Hausa, aikin hannu biyu ce, manomi da makiyayi, kuma wanda ya san abin da ya shiga tsakanin waɗannan biyu a dazuzzukan yamma zai kalli ƙwaryar fura da wani ido. Gidan abincin birni ya tattara duk wannan ya kira shi "na Hausa" ko "na Arewa", kamar yadda karczma ta yi wa Bayahude da Batatare.

Ba masu sayar da abinci kaɗai ke da wannan aibi ba, su ciniki suke nema, kuma ba su yi wa kowa alkawarin ilmi ba. Ya fi dacewa a dubi kundayen digiri da ake rubutawa kan abincin Hausawa. Yawancinsu tsari ɗaya ne: ma'anar abinci, rabe-rabensa zuwa na ci da na sha da na marmari, jerin sunaye, yadda ake yi, tasirin zamani, shi ke nan. Ba gari, ba shekara, ba farashi, ba sunan itacen da aka ciro ganyen, ba wanda ya ciro. Abinci ya zama kamar wanda ya sauko daga sama a dafe. Abin mamaki, J. M. Dalziel, likitan Turawan mulki, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, ya kuma faɗi amfaninsu a babban littafinsa na 1937, haka ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin girki da an daina jin su a birni. Ɗalibin da ya ɗauki waɗannan ya tafi da su rumfunan tashar Birnin Gwari, ya karanta wa dattijuwa mai tuwo sunayen ɗaya bayan ɗaya, zai dawo da jeri uku: waɗanda take sawa a miya har yau, waɗanda ta sani amma ta daina samu, da waɗanda sai dai ta ce ta ji a bakin kakarta. Jeri na biyu shi ne ke bukatar gaggawa, kuma a gefen kowane suna sai a rubuta shekarar da ta daina samunsa da ƙauyen da ake kawo mata shi daga can, da sunansa da Gbagyi ko Kamuku in tana da maƙwabciyar da za ta faɗa.